Tantancewa ta intanet da tukuicin biyan gaba a wasannin kwamfuta

Tantancewa ta intanet da tukuicin biyan gaba wasu hanyoyi biyu ne da kamfanonin wasannin kwamfuta suke bi wajen sayar da hajarsu. Tantancewa ta intanet sharaɗi ne da ke tilasta wa wanda ya sayi wasa ya haɗa na'urarsa da intanet domin kamfani ya tabbatar cewa kwafin da ke hannunsa na gaskiya ne kafin wasan ya buɗe. Tukuicin biyan gaba kuwa wani ƙari ne da ake bai wa wanda ya biya kuɗin wasa tun kafin ranar fitowarsa, kamar sabon ɗan wasa, makami, tufafi, ko damar fara bugawa kwanaki kaɗan kafin sauran jama'a.

Kamfanoni suna cewa hanya ta farko tana rage satar fasaha, ta biyu kuma tana ba su damar sanin yawan masu son wasan da tara kuɗi da wuri. 'Yan wasa da yawa kuma suna sukar hanyoyin biyu, suna ganin ta farko tana wahalar da mai saye na gaskiya, ta biyu kuma tana sa mutum ya biya kuɗin abin da bai ga ingancinsa ba. Muhawarar ta yi ƙarfi tun daga shekarar 2004, kuma ta fi shafar wuraren da wutar lantarki da sabis na intanet ba su da tabbas, ciki har da garuruwan Arewacin Najeriya irin su Yauri da Ngaski da Shanga a Jihar Kebbi.

Kalmomi

A Hausar yau da kullum, matasa sun fi cewa "gem" maimakon "wasan kwamfuta", kuma suna cewa "buga gem". Shagon da ake biyan kuɗi a buga wasa ana kiransa "gidan gem". Faifan wasa wasu suna kiransa "kaset", sunan da aka gada daga zamanin kaset na rediyo da bidiyo. Wasan da ba ya tafiya sai da intanet akan ce "mai cin data ne", ko a ce "na onlayin ne", kishiyarsa kuma "na oflayin".

Kalmar "tukuici" a asalinta tana nufin ɗan abin da ake bai wa wanda ya kawo kyauta ko saƙo. A harkar kasuwa, kalmar da ta fi kusa da ma'anar ita ce "gyara", wato ƙarin da mai sayarwa yake yi wa mai saye bayan an gama awo. Bambancin shi ne gyara tana zuwa bayan mai saye ya ga kaya, amma wannan tukuicin ana alkawarinsa ne tun kayan ba su iso ba. Dukkan fasahohin da ke taƙaita yadda ake amfani da kayan dijital ana haɗa su a ƙarƙashin taƙaitaccen suna DRM.

Yadda tantancewa take aiki

Idan mutum ya ɗora wasa a kwamfuta, manhajar wasan tana tattara wasu bayanai game da na'urar, kamar nau'in kwakwalwarta da sauran sassanta, ta haɗa su da lambar sirri ko asusun mai saye, ta aika wa sabar kamfani, wadda wasu ke kira uwar garke. Idan sabar ta ga komai daidai, sai ta dawo da izini, wasan ya buɗe. Ana iya raba tsarin gida huɗu:

1. Tantancewa sau ɗaya. Ana buƙatar intanet a ranar farko kawai, daga nan wasan yana tafiya ba tare da shi ba.
2. Tantancewa mai iyaka. Ana ƙayyade adadin na'urorin da za a iya ɗora wasan a kansu, misali uku ko biyar.
3. Tantancewa lokaci bayan lokaci. Izinin yana ƙarewa bayan wasu kwanaki, ko idan an canza wani sashe na kwamfutar, sai an sake haɗawa da intanet.
4. Haɗi na dindindin. Wasan ba ya tafiya ko na minti ɗaya sai da intanet, ko da mutum shi kaɗai yake bugawa.

Duk nau'o'in huɗu sun dogara ne da cewa sabar kamfanin tana raye. Idan ta faɗi, ko aka rufe ta, sabon mai ɗora wasan ba zai samu izini ba, a nau'i na huɗu kuwa har tsohon mai bugawa ya tsaya.

Tarihin tantancewa

Kafin intanet ya yaɗu, kamfanoni suna kare wasanninsu da wasu dabaru. Wasu wasannin suna tambayar wata kalma daga wani shafi na littafin da ke cikin kwali. Wasan The Secret of Monkey Island na shekarar 1990 ya zo da wani faifan takarda mai juyawa wanda sai da shi ake samun amsar tambayar farko. Daga baya aka koma ga lambar sirri da ake bugawa a jikin kwali, da kuma sharaɗin barin faifai a cikin kwamfuta yayin bugawa.

A shekarar 2001 kamfanin Microsoft ya fitar da Windows XP da sharaɗin tantancewa cikin kwana 30, ta intanet ko ta tarho. A fagen wasanni, babban sauyi ya zo ne a ranar 16 ga Nuwamba, 2004, lokacin da kamfanin Valve ya fitar da Half-Life 2. Ko wanda ya sayi faifai a shago sai ya buɗe asusu a manhajar Steam ya tantance wasan. A ranar farko sabobin sun cika, masu saye da yawa suka daɗe suna jira.

A shekarar 2007 wasan BioShock ya fito da kariyar SecuROM wadda ta ba da damar ɗorawa sau biyu kacal, kafin a ƙara zuwa biyar saboda ƙorafi. A watan Satumba na 2008 kamfanin Electronic Arts ya fitar da Spore da iyakar ɗorawa sau uku. Dubban mutane suka ba wasan tauraro ɗaya a shagon Amazon don nuna fushi, aka kuma shigar da ƙara a wata kotu a California. Duk da kariyar, shafin TorrentFreak ya bayyana Spore a matsayin wasan da aka fi sata a wannan shekarar, da ƙiyasin saukewa kusan miliyan 1.7.

A shekarar 2010 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kawo haɗi na dindindin a wasanni irin su Assassin's Creed II da Silent Hunter 5. A watan Maris na shekarar aka kai wa sabobinsa hari, masu saye na gaskiya suka kasa bugawa. A watan Satumba na 2012 kamfanin ya sanar cewa ya daina wannan tsari a wasanninsa na kwamfuta, ya koma tantancewa sau ɗaya.

Wasu lamura biyu sun ƙara fito da matsalar fili. Diablo III na kamfanin Blizzard ya fito a ranar 15 ga Mayu, 2012, kuma saƙon kuskure mai lamba 37 da yake nunawa idan saba ta cika ya zama abin barkwanci a tsakanin 'yan wasa. A Koriya ta Kudu hukumar kare ciniki ta binciki ofishin kamfanin a Seoul, daga baya kamfanin ya amince da mayar wa wasu masu saye kuɗinsu. SimCity na watan Maris 2013 shi ma ya gamu da irin wannan, har Amazon ya dakatar da sayar da shi na ɗan lokaci. Sai a watan Maris na 2014 aka ƙara masa damar bugawa ba tare da intanet ba.

A fagen na'urorin wasa na gida, Microsoft ya sanar a 2013 cewa Xbox One za ta riƙa neman haɗi da intanet sau ɗaya a kowane awa 24, tare da taƙaita sayar da faifai na hannu. Abokin hamayyarsa Sony ya yi amfani da damar ya tallata cewa PlayStation 4 ba ta da wannan sharaɗi. A ranar 19 ga Yuni, 2013, Microsoft ya janye tsarin tun na'urar ba ta shiga kasuwa ba.

Tun daga shekarar 2014, kariyar da ta fi shahara a kwamfuta ita ce Denuvo, ta wani kamfani na ƙasar Ostiriya wanda kamfanin Irdeto ya saya a 2018. FIFA 15 na cikin wasannin farko da suka yi amfani da ita. Denuvo tana neman intanet a buɗewar farko da kuma lokacin da izini ya lalace, kuma tana hana buɗe kwafi ɗaya a kan na'urori fiye da biyar cikin awa 24.

Tarihin biyan gaba

A zamanin faifai, biyan gaba yana da dalili mai sauƙi. Shago yana samun adadi ƙayyadadde, don haka wanda ya ajiye kuɗi yana da tabbacin samun kwafinsa a ranar fitowa. Shaguna kan ƙara da ɗan tukuici kamar fosta ko riga. Da saye ya koma ta intanet, matsalar ƙarewar kaya ta kau, domin kwafin dijital ba ya ƙarewa. Sai kamfanoni suka mayar da tukuicin ya zama wani ɓangare na cikin wasan.

Misalan da suka jawo magana sun haɗa da Mortal Kombat X na 2015, inda aka keɓe ɗan dambe Goro ga masu biyan gaba, sauran mutane sai sun ƙara kuɗi. A Total War: Warhammer na 2016 an keɓe runduna guda, daga baya kamfanin ya sassauta ya bai wa duk wanda ya saya a makon farko. A 2015 kamfanin Square Enix ya fito da wani tsari ga Deus Ex: Mankind Divided wanda tukuicin ke ƙaruwa gwargwadon yawan masu biyan gaba a duniya, har da alkawarin fitar da wasan kwana huɗu da wuri. Suka ta yi yawa, aka soke tsarin bayan kimanin wata ɗaya.

A 'yan shekarun nan tukuicin da ya fi yawa shi ne fara bugawa da wuri ga wanda ya sayi bugu mai tsada. Starfield na 2023 ya ba da kwana biyar. EA Sports FC 24, wanda ya gaji jerin wasannin FIFA, ya fito a ranar 29 ga Satumba, 2023, amma masu bugu mai tsada sun fara tun ranar 22 ga watan.

Ra'ayoyin 'yan wasa

Masu sukar tantancewa suna kafa hujja da abubuwa uku. Na farko, mai saye na gaskiya shi ke shan wahala, domin wanda ya ɗauki fasasshen kwafi ba ya jiran saba. Na biyu, kariyar kan rage saurin wasa a wasu lokuta. A 2021 masu gwaji sun nuna cewa fasasshen kwafin Resident Evil Village ya fi na gaskiya tafiya sumul a kwamfuta, abin da ya sa kamfanin Capcom ya fitar da faci. Na uku, mallaka ba ta da tabbas, domin abin da mutum ya saya lasisi ne wanda za a iya katsewa. A watan Maris na 2022 wasan tsere Gran Turismo 7 ya tsaya fiye da awa 30 saboda aikin gyaran saba, mafi yawan sassansa suka rufu har ga masu bugawa su kaɗai.

Masu goyon baya, galibi kamfanoni da wasu 'yan wasa, suna cewa babban wasa yana cin miliyoyin daloli da shekaru na aiki, kuma mafi yawan cinikinsa yana zuwa ne a makonnin farko. Shugaban Ubisoft, Yves Guillemot, ya faɗa a 2012 cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu buga wasanni a kwamfuta ba sa biya, adadin da masu suka da dama suka yi jayayya da shi. Wani bincike da William Volckmann ya wallafa a 2024 ya nuna cewa idan aka fasa Denuvo da wuri bayan fitowar wasa, kuɗin shiga na iya raguwa da kusan kashi 20 cikin ɗari, amma bayan wata uku kariyar ba ta ƙara wani abin a zo a gani. Masu goyon baya da masu suka duka suna kafa hujja da wannan sakamako, na farko don kare kariyar, na biyu don neman a cire ta bayan 'yan watanni.

Akwai kuma ra'ayi na tsakiya. Gabe Newell, shugaban Valve, ya bayyana a 2011 cewa satar wasanni ta fi alaƙa da rashin kyakkyawar hidima fiye da tsadar kuɗi. Manhajar Steam, wadda aka ƙi jini a 2004, ta samu karɓuwa daga baya saboda rangwame, sabuntawa cikin sauƙi, da damar bugawa ba tare da intanet ba bayan an shiga asusu. Kamfanin CD Projekt na Poland kuwa ya buɗe shagon GOG a 2008, inda ake sayar da wasanni ba tare da DRM ba, mai saye ya sauke fayil ya ajiye duk inda ya so.

Game da biyan gaba, babban ƙorafi shi ne ana karɓar kuɗi kafin masu sharhi su gwada wasan. Aliens: Colonial Marines na 2013 ya fito ƙasa da yadda aka tallata shi, aka kai ƙara, kamfanin Sega ya amince da sulhu na dala miliyan 1.25. An dakatar da sayar da Batman: Arkham Knight na kwamfuta a watan Yuni na 2015 saboda matsaloli. Cyberpunk 2077 ya tara biyan gaba miliyan 8 kafin fitowarsa a ranar 10 ga Disamba, 2020, amma ya yi ta sarƙewa a tsofaffin na'urori, har Sony ya cire shi daga shagonsa bayan kimanin mako ɗaya, bai dawo da shi ba sai a watan Yuni na 2021. Ƙorafi na biyu shi ne zargin cewa ana yanke wani ɓangare na wasan da aka riga aka kammala domin a kira shi tukuici. Duk da haka, biyan gaba bai daina jan mutane ba, musamman masoya jerin wasannin da ke fitowa kowace shekara. Tsarin mayar da kuɗi da Steam ya kawo a watan Yuni na 2015, wanda ke aiki cikin kwana 14 idan ba a buga wasan fiye da awa biyu ba, ya rage haɗarin ga masu saye a can.

A Arewacin Najeriya

Yawancin matasa a garuruwan Arewa sun san wasannin ne ta wayar hannu da kuma gidajen gem, inda ake biyan kuɗi kaɗan a buga wasa ɗaya, galibi ƙwallon ƙafa, a kan PlayStation da aka sayo na hannu. Na'urori da faifai suna shigowa ne ta manyan kasuwanni irin su Computer Village da Alaba a Legas, da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, daga nan su bazu zuwa Sakkwato da Birnin Kebbi da ƙananan garuruwa. Abubuwa huɗu ne suke sa sharaɗin intanet ya fi nauyi a wannan yanki.

Na farko, wutar lantarki. Ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga suna bakin Kogin Neja da Tafkin Kainji, wanda ya samu ne daga madatsar ruwan Kainji da aka kammala a 1968 mai ƙarfin megawat 760. Yankin yana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna Electric, mai kula da jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Kusanci da madatsar bai sa wutar ta zama ta dindindin ba, don haka gidajen gem a garuruwa irin su Yelwa da Wara da Shanga sun dogara da janareta ko sola kamar takwarorinsu na sauran wurare. Duk awar da na'ura ta yi tana sauke faci, mai ko caji ne yake ƙonewa ba tare da an samu ciniki ba.

Na biyu, data da ƙarfin sabis. Wasu manyan wasannin yau sun haura gigabayit 100. Idan saurin intanet ya kai megabit 10 a daƙiƙa ba tare da yankewa ba, sauke gigabayit 100 yana ɗaukar kimanin awa 22. Idan megabit 2 ne, lokacin ya haura kwana huɗu da rabi. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Fasahar 5G, wadda MTN ya fara a 2022, ta fi ƙarfi a manyan birane, Starlink kuma, wanda ya shigo Najeriya a watan Janairu na 2023, yana da tsadar kayan aiki da kuɗin wata.

Na uku, yankewar sabis gaba ɗaya. A farkon watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara, maƙwabciyar Kebbi, saboda aikin tsaro, aka kuma yi haka a wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna na tsawon makonni. A ranar 14 ga Maris, 2024, lalacewar igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku ta raunana sabis a Najeriya da ƙasashe da dama na Yammacin Afirka. A irin waɗannan lokuta wasa mai haɗi na dindindin ba ya buɗewa, yayin da tsohon faifai ke ci gaba da aiki.

Na huɗu, kuɗi da hanyar biya. Tun daga 2020 farashin sabon babban wasa ya fara kaiwa dala 70. Bayan an saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, wato wasa ɗaya ya kai naira 105,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. A 2022 bankuna da yawa sun rage abin da za a iya kashewa da katin naira a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka dakatar da shi, sai a 2025 wasu suka dawo da shi. Wannan ya sa biyan gaba ya zama abin da tsiraru ne kawai ke iyawa, sau da yawa ta hanyar sayen katin kyauta daga dillalai.

Akwai kuma batun asusu. Hidimar PlayStation Network ba ta da Najeriya ko Nijar a jerin ƙasashenta, don haka masu na'ura sukan buɗe asusu da sunan Amurka ko Ingila ko Afirka ta Kudu. A watan Mayu na 2024 Sony ya sanar cewa masu buga Helldivers 2 a kwamfuta dole su haɗa asusun PlayStation, aka kuma cire wasan daga Steam a ƙasashe fiye da 170, mafi yawan ƙasashen Afirka a ciki. Bayan dubban ɗaruruwan sharhin ƙorafi, kamfanin ya janye sharaɗin cikin 'yan kwanaki. Tun da yawancin na'urori na hannu ne, wata matsala ta PlayStation 4 ita ma ta shafi yankin, wato idan ƙaramin batirin agogon na'urar ya mutu, wasanni ba sa buɗewa sai an haɗa da saba. Sony ya magance ta da sabuntawa mai lamba 9.00 a watan Satumba na 2021.

Waɗannan dalilai ne suka sa tsofaffin wasannin ƙwallo suka daɗe a gidajen gem. Jerin Pro Evolution Soccer na kamfanin Konami, wanda aka fi sani da PES, yana tafiya ba tare da intanet ba, kuma masu sha'awa suna yin faci da ke sabunta sunayen 'yan wasa da riguna, ana tura shi ta filashi ko daga waya zuwa waya. A ranar 30 ga Satumba, 2021, Konami ya maye gurbinsa da eFootball, wasa na kyauta da ya fi dogara da intanet. Fitowarsa ta farko ta sha suka, kuma a watan Nuwamba na shekarar kamfanin ya soke wani kunshin 'yan wasa da aka riga aka biya kuɗinsa a gaba, ya mayar da kuɗin. Ga mai gidan gem, abin da ke kawo ciniki shi ne mutum biyu su zauna su kara da juna nan take. Tukuicin biyan gaba na wasannin ƙwallo kuwa mafi yawansa na sashen onlayin ne, don haka ba ya ƙara masa komai.

Fasassun kwafi sun yaɗu a kasuwa saboda araha da kuma rashin buƙatar intanet, amma suna da haɗari. Sukan zo da manhajoji masu cutar da kwamfuta ko satar bayanai, kamfanoni kuma sukan toshe asusu ko na'urar da aka gano an yi wa kutse.

Doka da adana wasanni

A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta haramta karya kariyar fasaha da aka sa wa aiki mai haƙƙin mallaka, tare da wasu keɓantattun yanayi. Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke aiwatar da ita. Ƙorafin masu saye kuma yana ƙarƙashin Hukumar FCCPC, wadda Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta 2018 ta kafa, sai dai mafi yawan kamfanonin wasanni ba su da ofis a ƙasar, kuma wanda ya buɗe asusu da sunan wata ƙasa yana ƙarƙashin sharuɗɗan shagon waccan ƙasar.

A duniya, muhawarar ta karkata ga makomar wasa bayan an rufe sabarsa. Ubisoft ya rufe sabobin wasan tsere The Crew, wanda ya fito a 2014, a ƙarshen watan Maris na 2024, wasan ya daina aiki har ga masu faifai. Wani mai shirya bidiyo, Ross Scott, ya fara gangami mai suna Stop Killing Games, yana neman doka ta tilasta wa kamfanoni su bar wasa a yanayin da za a iya bugawa idan sun daina kula da shi. Takardar koke da aka gabatar wa Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a watan Yuli na 2025. Ƙungiyoyin kamfanoni sun mayar da martani cewa hakan zai ƙara tsadar aiki, ya kuma raunana tsaron bayanan 'yan wasa. Ubisoft ya yi alkawari a watan Satumba na 2024 cewa zai ƙara damar bugawa ba tare da intanet ba a The Crew 2 da The Crew Motorfest.

A jihar California ta Amurka, wata doka da ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2025, ta hana shagunan dijital amfani da kalmar "saya" sai sun bayyana wa mai biya cewa lasisi yake karɓa, sai fa idan kayan irin wanda za a iya saukewa a riƙe har abada ne. Tun a watan Oktoba na 2024 Steam ya fara nuna wannan sanarwa a shafin biyan kuɗi ga masu amfani da shi.